Hanatu Mai Ƙosai da Awakin Dassin

Da hantsi ne, Hanatu na durƙushe a gindin katanga tana wanke wake, ta ji muryar maƙwabciyarta Dassin ta tashi daga ɗaya gefen.

"Ka kwashi kayanka ka fita. Awaki na uwana ne, ba na ubanka ba. Bukka nawa ne, tabarma nawa ne, kai baƙo ne cikin gidan nan."

Akoli, mijinta, ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, ta katse shi. Ta kira shi ɓarawo, ta kira shi marar kunya, sai zagin ya ƙare mata, don Hausarta ta kasuwa ce, ta sayar da cuku da jayayyar farashi, babu zagi da yawa a cikinta. Ta koma kan ɓarawo ta yi ta maimaitawa. Wani abu na ƙarfe ya bugi katangar ya gangara, daga ƙararsa butar shayi ce. Can aka ja ƙofar kwano. Hanatu ta leƙa ta ga Akoli ya wuce, dogo, rawani ya rufe masa fuska har ƙarƙashin ido, jakar fata a kafaɗa. Mata sun riga sun fito bakin ƙofofinsu, wata da muciya, wata da tsintsiya. Kafin rana ta take, duk unguwar Bukkoki ta ji cewa Ba'abziniyar nan ta kori mijinta don ya sayar mata da awaki bai tambaye ta ba.

Hanatu ta koma kan wakenta, amma hannu ya ƙi aiki. Tun shekarar babban fari take raba katanga da mutanen nan. Ta sha jin saɓaninsu, kuma kullum da Tamajak suke yi, a hankali, can cikin bukkar tabarmin da Dassin ta kafa a ƙarshen tsakar gida, sai ka ɗauka hira ce in ba don dogon shirun da ke biyo baya ba. A wajen mutanen Dassin, mace ta ɗaga murya har maƙwabta su ji ya fi laifin da aka yi mata zama abin kunya. Yau kuwa ga Hausa, ga ƙara, ga su sun baro bukka sun zo sun tsaya daidai inda kowa ya san Hanatu na wanke wake kowace safiya. Sai ta yi wa kanta tambayar da ta saba yi wa mutanen cikin littattafanta: wannan magana, don kunnen wa aka yi ta?

Littattafan nan su ne rabin tarihin Hanatu. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Maradi, ta yi lakwal, makarantar mishan, har ta iya Faransanci na karatu, ba na yanga ba. Ta zo Arlit tana amarya, zamanin da ƙarfen uraniyom ke da daraja, kowace motar da ta taso daga kudu cike take da masu neman aiki. Mijinta Abraham na gyaran wuta a izin, masana'antar da ake tace ƙarfen. Ita kuma ta samu aikin guga a gidan wani Bature injiniya, a unguwar manyan kamfani inda ake yi wa ciyawa ban ruwa a tsakiyar hamada. Matar gidan ba ta da aiki sai karatu. Za ka gan ta kwance da ɗan littafi mai baƙin bango tana cizon farce, wani lokaci ta tashi ta duba ko ƙofa a kulle take, da rana tsaka. Hanatu ta so ta san abin da ke tsorata mace mai firji biyu da mai gadi. Ta ɗauki ɗaya ta tura ƙarƙashin kayan guga. Ranar ta ƙona hannun rigar maigidan.

Da farashin ƙarfe ya faɗi, Turawa suka soma tafiya gida bayan gida. Kuku ya samu tukwane, mai gadi ya samu keke. Hanatu da aka tambaye ta abin da take so, ta nuna kwalayen littattafai. Abraham ya ce mutane na ɗauko fanka, ita ta ɗauko wa gara abinci. Ba a daɗe ba aka sallame shi tare da jama'a da yawa, aka karɓe gidan kamfani, suka koma Bukkoki, unguwar da ta tsiro a gefen gari da laka da tsoffin gangunan ƙarfe. Tari ya kama shi, ya daɗe yana fama, ya rasu. 'Yarsu Jeanne ta yi aure a Damagaram. 'Yan majami'a suka ba Hanatu shawarar ta koma gida, ta ce ai kabarin mijinta na nan, ta kafa kaskon ƙosai.

Kaskon ne ya sa ta tace littattafan, don ƙosai na son takarda. Duk mai hoton bindiga a bango, mai 'yan sanda suna bin mota a guje, ta yage shi shafi-shafi, mutanen Arlit suka cinye su da yaji. Waɗanda ta adana a akwatin ƙarfe su ne waɗanda ba a harba komai a cikinsu. Miji da mata a tebur ɗaya, kowa na zuba wa ɗan'uwansa ruwa, alhali ɗayansu ya san abin da ɗayan bai sani ba. 'Yar aikin da ta fi uwar gida son 'ya'yan gida. Abokin da zuwansa gaisuwa ya yi yawa. Fasto ya taɓa yi mata faɗa a kai, ya ce ba abin da Kirista zai cika zuciyarsa da shi ba ne. Ta ce masa ita ba kisan ke jan ta ba, kisan shafi ɗaya ne, wani littafin ma babu. Abin da ke hana ta ajiyewa shi ne an buɗe mata kan mutum ta shiga ta zauna, tana jin yadda yake shirya wa kansa hujja sannu a hankali har mugun abu ya zame masa daidai, kuma a tsakiyar hanya ta kama kanta tana cewa, ni ma da haka zan yi. A nan tsoron yake, in ji ta, daɗin ma a nan yake. Kana zaune da maƙwabci shekaru ba ka wuce fatar goshinsa ba, littafi kuwa da la'asar ɗaya ya kai ka har ƙurya. Fasto ya ce zai sa ta a addu'a. Ta ce ta gode, ya haɗa da matar cikin littafin, don ba ta san da wa take kwana ba.

Bayan azahar, idan zafi ya kori kowa daga titi, mata kan taru a rumfarta, wannan da tsifar kai, waccan da gyaran zogale, ita kuma ta ba su littafi da Hausa. Dusar ƙanƙara ta mai da ita ruwan damina, gidan sama ta mai da shi gidan kamfani, Turawan ta raɗa musu Tani da Audu. Tana da aibi ɗaya da kowa ya sani: ba ta iya riƙe abin da ta gano. Ko a labarin da take bayarwa, kafin ta kai tsakiya sai ta ce, ku dai ku lura da ƙanwar nan. Haka take a unguwa. Ita ta ce mai shagon kan kwana ba don Allah yake raba sukari ba, kujerar mai unguwa yake hange, kuma haka ya fito. Ita ta ce matar nan mai yawan yabon surukarta tana shirin raba tukunya da ita. Ana jin daɗin zama da ita, ana kuma ɗan tsoronta. Tsoron nan yana yi mata daɗi, ko da yake ba za ta taɓa amsawa ba.

Shekarar kuwa ta tawaye ce. Mota ba ta fita zuwa Agadas sai a jere da rakiyar soji. Ana kama Abzinawa a cikin gari, malamin lakwal, ma'aikacin izin, mai shago, ba a faɗin dalili. A zo da safe a ce ana son ganinka a birgad, wajen jandarmomi, shi ke nan. Akoli direba ne, ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Assamaka yana dawowa da dabino da taliya, ya san kowace rijiya da kowace hanyar da ba ta bi ta shinge. A lokacin nan sanin hanya kaɗai ya isa laifi. Wanda aka nema aka rasa, matarsa ake ɗauka a tsare har ta faɗi inda yake. To amma matar da ta kori mijinta a gaban unguwa, me za a tambaye ta? A al'adarsu bukka ta mace ce, dabbobinta nata ne. Namijin da aka kora yakan ɗauki jakarsa ya nufi inda ya ga dama, ba ya barin sallahu.

Kafin ta tsane waken Hanatu ta gama karanta abin. Daɗi ya cika ta, irin wanda take ji in ta riga marubuci isa ƙarshe. Sai wani abu mai ɗaci ya biyo baya. Gidan Dassin na da maƙwabta ta gabas da ta arewa, amma katangarta aka zaɓa. Ke nan an auna unguwa, an nemi bakin da ya fi saurin kai labari, aka ce na Hanatu. Shekara da shekaru ana miƙa cuku da ƙosai ta kan katangar nan, ashe kallon rediyo ake yi mata. Ko kuwa Dassin ta san za ta gane, ta ɗora mata abin a wuya ba tare da ta roƙa ba, tun da roƙo ma ba ɗabi'arsu ba ce? Ta kai waken inji da wannan a ranta, ta dawo da shi, ba wanda ya rinjayi wani.

Ranar rumfa ta cika da wuri, kuma ba wadda ta tambayi littafi. Cikinsu har da Asabe, matar Inuwa jandarma, 'yar Tawa ce mai fara'a, ba ta da mugunta ko kaɗan. Sai dai duk abin da aka faɗa a rumfar nan tana kai wa mijinta tare da tuwon dare. Shi ma ya kamu da labaran Hanatu, har aiko tambaya yake yi, wai a ƙarshe wa ya zuba maganin a shayi.

"Yaya Hanatu, ke ce kusa da su," in ji Asabe. "Mu ƙara munka ji, ke kin ji ciki. Mi kinka gani?"

Amsar na kan harshenta a shirye. Tana ganin yadda bakuna za su buɗe in ta ce, cikinku wa ya taɓa jin su suna faɗa da Hausa? Ta dubi Asabe, ta hango tuwon dare, ta hango birgad. Ta yi tunanin ta ce ba ta sani ba, ta ga wannan ya fi muni. Ranar da Hanatu ta rasa abin cewa kan faɗan da aka yi a bayan katangarta, ranar kowa zai san akwai magana. Shiru ba zai yi ba. Sai dai ta yi kuskure a gaban jama'a, da gangan, kuskuren kuma ya yi kyan da ba mai sha'awar neman wani bayani.

Ta gyara zama. Ta ce awaki ba su ne maganar ba, su dai suka zo a ƙarshe. Ta mai da matan shekarar fari, lokacin da mutanen daji suka gangaro gari suka bar ƙasusuwan raƙuma a hanya. Ta ce Dassin ta so su nufi kudu da ragowar garken mahaifiyarta, Akoli ya ce a jira ruwa, aka jira, garken ya ƙare sai 'yan awakin nan. Wannan gaskiya ne, Dassin ta taɓa gaya mata wata rana suna tankaɗe. Daga nan Hanatu ta soma gini da nata tubalin. Ta ce mace na iya yafe wa miji da baki, zuciya ta ci gaba da riƙe shi. Ta tambaye su ko sun lura Dassin ba ta taɓa barin ya tatsi awakin ba. Ba wadda ta lura, amma duk suka gyaɗa kai. Ta ce namijin da ya san ana kallonsa da tsohon laifi yakan kai inda zai so ya kawar da abin da ke tuna masa. Ba don kuɗi ya sayar da su ba, don ya daina jin kukansu da asuba ne. Wata tsohuwa ta ce wallahi haka maza suke. Asabe ta share ido da bakin gyale.

Abin da ya ba Hanatu mamaki shi ne yadda abin ya zo mata da sauƙi. Ta ɗauka ƙarya za ta yi mata nauyi, ita da ke jan waƙa a majami'a ran Lahadi. Sai ta tarar da kanta a wurin da ta saba leƙawa daga waje, cikin kan mai ɓoyon, tana auna kowace fuska, tana ba kowa daidai abin da zai iya haɗiyewa. Ta kuma san Dassin na can bayan katanga tana jin yadda ake yanka mijinta, mutumin da ya ɗauki gawar Abraham a motarsa zuwa maƙabarta ranar da aka nemi mota aka rasa. Duk da haka ba ta rage ko kalma ɗaya ba.

Ba a yi kwanaki ba motar jandarma ta shigo lungun da safe. Inuwa ne da wani soja. Suka shiga wajen Dassin, suka tarar da ita kan tabarma tana ɗinkin fata. Hanatu na ji ta katanga. Amsa ɗaya Dassin ta ba su: ba ta san inda yake ba, ba ta kuma son ta sani. Da suka fito, sojan ya koma mota, Inuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar Hanatu. Ya cire hula ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi Jeanne da yara. Sannan ya ce shef ɗinsa, babbansu a birgad, ya ce in ba a samu mijin ba a zo da matar. Ya ce Asabe ta ba shi labarin awakin duka.

"Amma Inna, abu guda ya tsaya mini. Na daɗe cikin mutanen nan, ban taɓa jin matarsu ta yi ihu ba."

Ashe mijin Asabe na da kai. Hanatu ta dube shi da kyau. Ba ita yake kallo ba, hularsa yake juyawa, idonsa na kan kwanon wake. Wanda ya zo kama ka, cikin idonka yake duba. Wannan kuwa ya zo ne a toshe masa ramin da ke cikin labarin kafin shef ɗinsa ya gan shi. Ko don ya sha shayin Akoli a tasha ne, ko don ya gaji da ɗora mata a bayan mota, ba ta sani ba, ba ta kuma bukatar sani.

"Shi ya sa da ta yi unguwa ta girgiza, ɗana," ta ce. "Masu ihu kullum, gobe za ka tarar da su kwano ɗaya. Wadda ta haɗiye tun shekarar fari, ran da ta buɗe baki ba ta duba wa ke ji. Ta gama da shi. Ka kai ta birgad, roƙonku za ta yi in kun same shi ku riƙe."

Inuwa ya yi 'yar dariya. Ya maimaita maganar a hankali kamar mai haddace ta, ya sa hularsa, ya yi sallama. Motar ta tashi da mutum biyu, kamar yadda ta zo.

Har yau in ana hirar Hanatu a Bukkoki, labarin awakin Dassin ake fara kawowa don a nuna tana ganin cikin mutum. Ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Akoli ya dawo bayan an yi sulhu, da furfura a gira, dangi suka zauna, aka ce an sasanta su. Matan rumfa suka ce Dassin ta yi haƙuri, Hanatu ta ce ƙwarai kuwa.

Amma a safiyar nan ba wanda ya san zai dawo. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Dassin ta fito. Ba ta leƙo ta kan katanga yadda ta saba ba, ta zagayo ta titi ta tsaya a ƙofar Hanatu, baƙin mayafi a kanta. Ta buɗe baki za ta yi magana. Hanatu ma na da tata tambayar, wadda ta yi ta cin ta tun ranar faɗan: me ya sa katangata? Sau ɗaya za ta tambaya ta huta. Sai ta hangi mata biyu a bakin famfo sun ajiye bokiti suna kallo. Ta tare ƙofar da jikinta, ta ɗaure fuska kamar mai yi wa ƙanwa nasiha, ta sassauta murya.

"Kada ki gaya mini komai. Gobe bayan azahar ki shigo cikin mata. Kada ki zage shi, wanda kika yi ya isa, butar ma ta yi yawa. In an ambaci sunansa ki dubi ƙasa ki yi shiru. Sauran ni zan faɗa."